Ba a wuce motar da ta mutu cikin hamada

Zancenmu na wannan mako ya shafi duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ke sa shi barin kwalta ya kama hanyar rairayi, ko daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, ko arewa da Arlit. Lalacewar mota ita kaɗai ba ta kashe matafiyi. Abin da ke kashe shi abu ukku ne: ƙarancin ruwa, tafiya ba tare da an bar labari ba, da ɗan'uwan da ya gan shi tsaye ya wuce.

Tun kafin zuwan mota, ayarin raƙuman da ke ɗauko gishiri daga Fashi da Bilma yana da dokokinsa. Madugu ba ya tashi sai ya ƙidaya salkuna, ba a barin mutum baya, ba a ɓata rijiya. Mota ta gaji hanyar ayari, amma ba kowane direba ne ya gaji ladabinsa ba. A shekarar 1973 wani direban babbar mota ya kaɗe icen Tenere, wanda babu wani ice kusa da shi. Gangar jikinsa tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, tana shaidar abin da ganganci ke yi ko a fili fetal.

Mu fara da guzuri, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsakanin Agadas da Dirku akwai kilomita fiye da 600, rijiyoyi kuwa ƴan kaɗan ne. A lissafa ruwan kwanakin tafiya, a ƙara na kwanakin da ba a shirya ba, a raba shi cikin bidodi da yawa, domin in tano guda ya hude an yi asarar duka. Haka ma gazuwal, tunda rairayi mai laushi yana sa mota shan mai fiye da kwalta. A ɗauki tayar safaya biyu, da abin faci, da famfon iska, da shebur, da farantan ƙarfe na shimfiɗa wa taya, da igiyar ja, da bel ɗin fanka, da matatar mai. Kafin a tashi a sanar da dangi da jandarmomi hanyar da za a bi da ranar isa. Kada ma'aikacin da ya fita da motar gwamnati ya ce takardar izni ta wadatar. Haka ma na'urar nuna hanya, ba ta maye gurbin jagoran da ya san ƙasa.

Sai ladabin tafiya. Ba a shiga Tenere da mota guda. In motoci sun jeru, kowane direba shi ke da alhakin wadda ke bayansa: in ya daina hango ta, ya tsaya ya jira. A bar tazara saboda ƙura. Mai gangarowa daga tudun rairayi ya ba mai hawa hanya, don in mai hawa ya tsaya, ya kafe. Kada a tsaya a bayan tudu inda mai tahowa ba ya gani. A sassauta gudu kusa da rugage da dabbobi, kada kuma a cire alamomin da aka kakkafa don nuna hanya. In mota ta kafe, taka totur ƙara binne ta yake yi. A rage iskar tayoyi, a haƙe rairayin, a shimfiɗa faranti, a fita sannu.

In kuwa mota ta mutu ɗungum, babbar doka ita ce a zauna wurinta. An fi saurin hango mota daga nesa bisa ga mutum mai tafiya a ƙasa, ga shi tana ba da inuwa. A huta da rana, a yi gyara da sanyin safiya ko maraice, a raba ruwa da adalci. In ana sa ran masu nema, a ƙona tsohuwar taya don hayaƙi.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawarwakin mutane 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance na jahar Damagaram. An same su a warwatse, ƙungiya-ƙungiya, ƙishirwa ta kashe su. A 2017 ma mutane 44 sun mutu haka tsakanin Agadas da Dirku. Bayan dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a 2023, direbobi da yawa sun riƙa kauce wa sanannun hanyoyi don gudun jami'an tsaro, ga shi wanda ya bar hanya ya bar rijiya, ya bar masu wucewa.

Wani zai ce: yau da ƴan fashi ke tare hanya, wa zai tsaya wa wanda bai sani ba? Tsoron nan gaskiya ne, amma bai halatta a wuce kamar ba a gani ba. Ana iya tsayawa daga nesa a lura, a ajiye bidon ruwa, a riƙe wurin da kyau, a kai labari ga sojoji ko jandarmomi na farko da aka tarar. Ƴan kasuwa masu motoci, ku gaya wa direbobinku cewa jinkirin da aka yi don ceton rai ba laifi ba ne. Muddin direba yana tsoron faɗan maigida kan makara, ba zai taka birki ba. Wanda ya wuce ɗan'uwansa yau, gobe shi ne zai tsaya yana ɗaga rawani.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.