Dattawa, Haƙuri Kaɗai Ba Ya Tsare Rai



Akwai maganar da muka daɗe muna rufewa a ikkilisiyoyinmu, daga Achilafiya har Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Mace ta zo sujada fuska a kumbure, zumuntar mata sun gani, dattawa sun gani. A kira mijin, a yi masa faɗa, a yi addu'a, sannan a ce mata, "Koma ɗakinki, ki yi haƙuri." Bayan wata guda a sake zama. Har yaushe?

Hujjarmu kullum ita ce 1 Korantiyawa sura 6, wai mai bi ba ya kai ɗan'uwansa ƙara. Manzo Bulus yana tsawata wa masu jan juna gaban alƙali a kan al'amuran yau da kullum da ikkilisiya za ta iya sasantawa. Wanda ya ɗauki taɓarya ko adda a kan matarsa ya wuce nan. Shi kansa Bulus, da ya ga ana ƙulla masa mutuwa, ai ƙara ya ɗaukaka zuwa gaban Kaisar, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 25 ta nuna.

Wasu kuma na cewa mu 'yan tsiraru ne, kada mu tona asirinmu a gaban waɗanda ba namu ba. To, asirin wa ake rufewa? Na mai dukan, da jinin wadda ake duka.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. A 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, kuma a 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a ta Jihar Jigawa. Dokar tarayya ta tanadi odar kariya: takardar kotu da ke hana mutum duka, barazana, ko zuwa inda wadda ya zalunta take zaune ko take aiki. Ba saki ba ce, ba ta kashe aure. Idan akwai haɗari, kotu na iya ba da ta wucin gadi tun kafin a saurari mijin. Kuma ba lallai sai ita ta nema da kanta ba. Ɗan sanda, ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta na iya nema a madadinta da yardarta. Ba dole mai bi ya je kotun shari'ar Musulunci ba, akwai majistare da babbar kotu.

Sai dai takarda ba ta tsaron ƙofa. Matar da ba ta da kuɗin mota zuwa Kazaure, balle Dutse, wa zai kai ta? Nan aikinmu yake. Duk ranar da aka yi duka, a kai ta asibiti a rubuta raunin, domin kotu shaida take nema. Dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata su raka ta wurin 'yan sanda, a nemi lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke taimakon marasa hali kyauta. In odar ta fito, kofi ɗaya wurin DPO, ɗaya wurin fasto. Ranar da mijin ya karya ta, a kai rahoto ranar, ba sai an jira taron dattawa na ƙarshen wata ba.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani, ta kuma zaɓi gida ɗaya da 'yar'uwa za ta kwana da 'ya'yanta kafin kotu ta zauna.