Ra'ayinmu: Gubar Da Ke Kulle A Cikin Sito

Da wuya ka shiga ofis ko otal ko makaranta ko asibiti a ƙasar nan ka rasa wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin matakala ko a bayan ban-ɗaki, wanda ake kira sito. Nan ake jibge tsintsiya da bokiti da jarkokin Hypo da Jik da Izal, da ruwan wanke masai, da maganin sauro, wani lokaci har da galan ɗin fetur na janareta. Galibi ba shi da taga. Manaja ba ya leƙa shi, sufeto ba ya tambayarsa. Masu shigarsa kullum su ne mai shara da masinja da maigadi, kuma duk wanda ya san Ikko da Badun da Fatakwal ya san 'yan'uwanmu 'yan Arewa da yawa da waɗannan ayyuka suke ci. Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana ke nan.

Matsalar ba ta tsaya a Kudu ba, tana nan har gida. Ɗauki misalin Suleja ta Jihar Neja, garin da a da ake kira Abuja, kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birnin da aka yanke shawarar kafawa a 1976, shi kuma ya koma Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Yau dubban ma'aikatan Abuja a Suleja suke kwana saboda tsadar haya, cikinsu har da masu sharar manyan ofisoshi. A unguwanni irin su Hashimi, kamar yadda yake a Agege da Sabo ta Badun, gida da shago bango ɗaya suke. Sana'ar haɗa sabulun ruwa da ruwan wanke ban-ɗaki ta shiga gidaje, kuma sana'a ce ta rufin asiri wadda ba mu da abin cewa a kanta sai fatan alheri. Amma kayan haɗinta, wato soda mai ƙuna da asid da garin kulorin, sau da yawa a ɗakin da yara ke kwana ake ajiye su.

Ya kamata kowa ya san abin da ke cikin waɗannan jarkoki. Hypo da Jik da ire-irensu suna ɗauke da sinadarin kulorin. Yawancin ruwan wanke masai da na cire tsatsa kuwa asid ne. Idan biyun suka haɗu, ko a bokiti ko a kan daɓe, sai iskar kulorin ta tashi. Ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a fagen fama a ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Tana ƙona ido da maƙogwaro, ta cika huhu da ruwa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen ninki biyu da rabi, saboda haka ƙasa take kwanciya, inda mai goge daɓe ya sunkuya, inda kuma yaro ke rarrafe. Haka nan in aka gauraya Hypo da abin da ke da amoniya, wata muguwar iskar ce ke fita. Mai aiki yakan haɗa su ne da kyakkyawar niyya, yana ganin in ɗaya na wanki, biyu za su fi. To, a nan ne ajali ke laɓewa.

Kada wani ya ce rashin boko ne kawai ke kawo wannan. A watan Nuwamban 2019, a wani gidan abinci a Jihar Masacusets ta Amurka, ruwan wanki mai kulorin ya haɗu da wani mai asid a kan daɓen madafa. Manajan gidan, wanda ya shiga don ya share, bai tsira da ransa ba, wasu mutane fiye da goma kuma sai da aka kai su asibiti. Idan haka ta faru inda akwai motar asibiti a shirye, ina ga ɗan'uwanmu da ke shi kaɗai a ofis da asuba kafin kowa ya iso?

Haɗari na biyu shi ne juye kaya a abin da ba nasa ba. Ana sayen sinadari awo-awo, a zuba a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, babu rubutu babu alama. Soda mai ƙuna in an narkar da ita, kamarta ɗaya da ruwa. Yaron da ya kurɓa takan ƙone masa maƙogwaro har hanyar abinci ta tsuke, ya yi shekaru yana fama, kuma likitocin Afirka ta Yamma sun daɗe suna kuka da wannan a gidajen masu yin sabulu. Manya ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano bayan sun sha abin sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, hukumar NAFDAC kuma ta ce binciken da ta yi ya nuna wani sinadarin masana'antu ne daban. Buhun da ba a san abin da ke cikinsa ba, shi ya jawo wannan asara.

Na uku shi ne wuta. Garin kulorin da ake zuba wa ruwa yana iya kamawa in ya taɓa mai ko maiko, balle a ɗakin da ya ɗauki zafin bazara. Fetur kuwa tururinsa kaɗai ya isa, in ya sami ƙyallin wuta daga makunnin fitila. Ranar 17 ga Mayu, 2022, wani abu ya fashe a titin Aba da ke Sabon Garin Kano, mutum 9 suka rasa rayukansu, daga baya 'yan sanda suka danganta abin da sinadaran da aka ɓoye a wani shago ba bisa ƙa'ida ba. Mutanen Suleja ma ba sa bukatar a gaya musu abin da fetur ke yi, bayan gobarar tankar mai a mahaɗar Dikko a watan Janairun 2025. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

To, laifin wa? Mu a ganinmu kaso mafi girma yana wuyan masu gida da masu kamfani. Wanda ya iya sa na'urar sanyaya ɗaki a ofishinsa ba zai kasa fasa taga a sito ba. Kuɗin safar hannu da takalmin roba bai kai na man motarsa na mako guda ba. Bai kamata a miƙa wa mutum jarka da rubutun Turanci a ce ya je ya yi aiki, ba tare da an bayyana masa cikin harshen da yake ji ba. Kuma abin kunya ne a mai da sito ɗakin kwanan maigadi ko wurin cin abincin mai shara, kamar yadda ake yi a wurare da dama.

Gwamnati ma tana da nata. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987 wadda ta yi maganar iska da tsafta a wurin aiki, amma an tsara ta ne don masana'antu, ga shi kuwa yawancin masu shara a ofisoshi da otal-otal da makarantu suke. Muna kira ga Ma'aikatar Ƙwadago da Majalisar Tarayya su toshe wannan giɓi. NAFDAC ta yi abin yabo a 2019 da ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper barkatai, amma har yanzu fiya-fiya na yawo a kwalaben da ba su da suna. Muna so a tilasta yin gargaɗi da Hausa da Yarabanci da Ibo a jikin kowace jarka, tare da zanen da wanda bai yi karatu ba zai gane. Duba-gari na ƙananan hukumomi, daga Suleja har Agege, su riƙa cewa a buɗe musu sito, kada su tsaya a kwata da bola. Ma'aikaci kuma ya sani akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta tanadi diyya ga wanda ya jikkata ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki.

Kafin gwamnati ta motsa, ga abin da ke hannunmu. Kada a haɗa ruwan wanki biyu, ko da wane ne ya ba da umurni. A bar kowane sinadari a mazubinsa na asali, a rufe bakinsa sosai. Mai kulorin gefe guda, mai asid gefe guda, fetur da kananzir kuma a waje ɗungurungum. A buɗe ƙofa da taga kafin a fara aiki. In ido ya fara yaji ko tari ya sarƙe, a fita nan take, kada a tsaya gyaran abin da ya zube. In ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15. Wanda ya sha soda ko kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha, don likita ya san da me yake faɗa.

Muna roƙon sarakunan Hausawa na Kudu da limamanmu da shugabannin ƙungiyoyi su ɗauki wannan magana zuwa masallatai da zangonni. Wanda zai aika wa iyali jarin sabulu zuwa Hashimi ko wani garin, ya haɗa da kuɗin akwati mai kwaɗo da za a kulle kayan. Mun baro gida ne neman abin rufin asiri, kuma iyalanmu sun fi bukatar mu koma da lafiyarmu a kan mu koma da kuɗin magani. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya, amin.