RA'AYINMU: Kada a Yanke wa Sabon Mai Horarwa Hukunci da Wasannin Farko

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan magana tana da gaskiya a wurare da dama, amma a filin wasa ta jawo an zalunci mutane da yawa. Da zarar an naɗa wa ƙungiya sabon mai horarwa, aka yi wasa uku ko huɗu ba nasara, sai ka ji 'yan kallo sun fara cewa an yi zaɓen tumun dare, a sallame shi tun kafin abin ya yi nisa. Mu ɗalibai kuwa mu ne kan gaba wajen wannan ɗabi'a, domin mu ne muka fi cika filin wasa, muryarmu kuma ta fi ta kowa ƙarfi. Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauki ƙungiya guda, wadda tarihinta yake a rubuce kowa yana iya dubawa, mu ga ko wasannin farko suna faɗin gaskiya game da mai horarwa. Ƙungiyar nan ita ce ta ƙwallon kwando ta Jami'ar Karolina ta Arewa, a garin Chapel Hill na ƙasar Amurka.

Ga wanda bai san yadda ake tafiyar da wasan nan a jami'o'in Amurka ba, kakar wasa takan fara ne a watan Nuwamba. Watanni biyu na farko ana karawa da jami'o'in nesa, daga Janairu kuma a koma kan na rukunin da ƙungiya take ciki. A watan Maris sai a tsamo ƙungiyoyin da suka fi ƙwazo daga cikin fiye da 350, a shiga gasar ƙasa baki ɗaya, wadda duk aka ci sau ɗaya ta fita ke nan. A shekarar 2022 ƙungiyoyi 68 ne suka shiga. Watau dai abin da aka yi a Nuwamba share fage ne, a Maris ake yin hisabi.

A farkon watan Afrilu na 2021 Roy Williams ya yi murabus bayan shekara 18 yana riƙe da ƙungiyar, ya kuma ciwo mata kofin ƙasa sau uku, a 2005 da 2009 da 2017. Aka naɗa mataimakinsa, Hubert Davis, tsohon ɗan wasan jami'ar, wanda ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Ya shekara 12 yana wasa a gasar ƙwararru ta NBA, ya kuma yi shekara 9 a ƙarƙashin Williams, amma bai taɓa shugabancin babbar ƙungiya ta jami'a ba.

Da zuwansa ya canza tsarin wasa. Williams yakan ajiye dogayen 'yan wasa biyu a gindin kwando, su riƙa kokawar ƙwace duk ƙwallon da ta kuskure. Davis kuwa ya bar dogo ɗaya, Armando Bacot, a gindin kwando, ya nemo wani dogon, Brady Manek, daga Jami'ar Oklahoma, mai iya jefawa daga nesa inda ake samun maki uku. Manufar ita ce a janyo masu tsaron abokan hamayya waje, fili ya buɗe a tsakiya. Tsari irin wannan ba ya zama sai kowane ɗan wasa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun bai waiwaya ba, wannan sani kuwa sai an daɗe tare.

Ga abin da ya biyo baya. A cikin kwana biyu a jere na watan Nuwamba, Purdue ta ci su da maki 93 da 84, Tenesi ta ci su 89 da 72. Suka ɗan farfaɗo suka doke Mishigan 72 da 51, amma ranar 18 ga Disamba Kentaki ta yi musu kaca-kaca, 98 da 69. A Janairu Mayami ta ci su 85 da 57, Wake Forest kuma 98 da 76. A Fabrairu babbar abokiyar gabarsu, Jami'ar Duke, ta biyo su har gida ta ci su 87 da 67. Duk wanda ya ce a lokacin ƙungiyar ta lalace, yana da hujja a hannunsa, har ana shakkar ko za ta sami shiga gasar ƙasa.

Amma fa a cikin waɗannan watanni ne mai horarwa yake gane mutanensa. Daga Janairu Manek ya zama cikin masu fara wasa kullum. Davis ya tsaya a kan mutum biyar, watau Bacot da Manek da R.J. Davis da Caleb Love da Leaky Black, ya riƙa barinsu a fili kusan dukan minti 40 na wasa, har suka saba da juna. Ranar 5 ga Maris na 2022 suka je gidan Duke suka ci ta 94 da 81, a ranar da mashahurin mai horar da ita, Mike Krzyzewski, yake wasansa na ƙarshe a gida. A gasar ƙasa suka fitar da Baylor mai riƙe da kofi, suka fitar da UCLA, suka sake haɗuwa da Duke a wasan kusa da na ƙarshe suka ci ta 81 da 77. A wasan ƙarshe suna gaba da maki 15 aka tafi hutun rabin lokaci, daga bisani Kansas ta kamo su ta ci 72 da 69. Ƙungiyar da aka ci da tazarar maki 29 a Disamba, maki uku ne suka raba ta da kofin ƙasa a Afrilu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna nufin mummunan farko alamar alheri ne. Shekarar da ta biyo baya, huɗu daga cikin biyar ɗin nan suka dawo, masu sharhi suka sa ƙungiyar a matsayi na ɗaya a duk ƙasar tun ba a fara wasa ba. Ta ƙare da nasara 20, faɗuwa 13, ko gasar ƙasa ba ta shiga ba. Wata shekarar kuma, 2023 zuwa 2024, ta zo ta ɗaya a rukuninta. Mutum ɗaya ne ya yi waɗannan shekaru uku, da an yanke masa hukunci da kowace ɗaya ita kaɗai, da an yi kuskure.

Jami'ar tana da misali na wanda ya fara da ƙafar dama. A shekarar 2000 aka naɗa Matt Doherty, shi ma tsohon ɗan wasanta. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta ci wasa 18 a jere, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasa, aka ba shi lambar gwanin masu horarwa na shekara. A kaka ta biyu ta ci wasa 8, aka ci ta 20. A 2003 ya bar aikin, bayan an yi ta samun saɓani tsakaninsa da 'yan wasansa. Nasarorin farko ya same su ne da ƙwararrun 'yan wasan da ya gada. Da ma an ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Misalin da ya fi shafarmu mu ɗalibai shi ne na Dean Smith, wanda ya horar da Davis da Doherty duka biyu. An ba shi ƙungiyar a 1961 yana da shekara 30, a lokacin da hukumar wasannin jami'o'i ta hukunta jami'ar saboda saɓa dokokin ɗaukar 'yan wasa, aka kuma rage yawan wasanninta. A kakarsa ta farko ya ci 8, aka ci shi 9. A watan Janairu na 1965, suna dawowa daga Wake Forest inda aka ci su, suka tarar ɗalibai sun haɗa mutum-mutumin Smith sun rataye a gaban ɗakin wasa. Wani ɗan wasansa, Billy Cunningham, shi ya sauko daga mota ya fizge shi. Masu ratayar nan ɗalibai ne kamarmu, masu ƙaunar ƙungiyarsu, suna kuma da tabbacin cewa gaskiya suke kai.

Mutumin da suka rataye ya shekara 36 a kan aikin. Bayan kakar farko bai sake yin shekarar da faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa ba. Ya ci wasa 879, ya ɗauki kofin ƙasa a 1982 da 1993, Michael Jordan kuma a hannunsa ya tashi. A 1966 ya ɗauko Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba tallafin karatu saboda wasa, a zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfi a kudancin Amurka. Fiye da kashi 95 cikin 100 na 'yan wasansa sun kammala digirinsu. Babban ɗakin wasan da jami'ar ta buɗe a 1986, mai ɗaukar mutum fiye da 21,000, sunansa aka sa masa. Da hukumar jami'a ta bi muryar ɗalibai a 1965, da duk wannan bai samu ba. Haka nan a Duke, Krzyzewski ya ci wasa 38 aka ci shi 47 a shekarunsa uku na farko, magoya baya suka yi ta neman a kore shi. Shugaban sashen wasanni, Tom Butters, ya ƙi, ya ma sabunta masa yarjejeniya a 1984. Kofin ƙasa biyar ya kawo musu kafin ya yi murabus a 2022.

To, masu gaggawa ma suna da abin faɗa, bai kuma kamata a toshe kunne ba. Ɗalibi shekara huɗu gare shi a jami'a. In aka ce a yi haƙuri shekara uku, to an cinye rabonsa ke nan, na bayansa ne za su ci moriya. Har ila yau ba kowane mai horarwa da aka yi wa haƙuri ne yake zama Dean Smith ba. Akwai waɗanda aka jira shekara da shekaru ba su tsinana kome ba. Daɗin daɗawa, tun daga 2021 dokar hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta sauƙaƙa wa ɗan wasa ya koma wata jami'a ya ci gaba da wasa nan take, saboda haka ƙungiyar da ta daɗe tana faɗuwa 'yan wasanta kan watse. Duk wannan mun yarda da shi. Abin da muke ja a kai shi ne mudun da ake awo da shi.

A ganinmu, a watannin farko akwai tambayoyin da suka fi allon maki muhimmanci. Shin mutumin nan yana da tsarin da mai kallo zai iya ganewa, ko kuwa kullum da sabon salo yake zuwa? Kuskuren da aka yi a makon jiya, an gyara shi a wannan mako? In aka ci ƙungiya, yakan ɗauki laifi, ko kuwa yakan tsaya gaban jama'a ya kunyata yaransa? 'Yan wasa suna zuwa atisaye da son ransu, suna kuma shiga aji? In an rinjaye su da tazara mai yawa, sukan ci gaba da gudu har a busa usur, ko sukan saki jiki? Wanda ya ci waɗannan tambayoyi ya cancanci a ba shi lokaci ko da ana cinsa. Wanda ya fāɗi a kansu, a sa masa ido ko da yana cin wasa, domin ɓarakar tana nan tafe.

Wannan magana ba ta tsaya a Amurka ba. Jami'o'inmu ma suna da ƙungiyoyi, suna zuwa gasar NUGA, ana kuma canza musu masu horarwa. Bambancin shi ne namu sau da yawa sukan karɓi aiki ba isassun ƙwallaye, ba takalma, fili ya tsattsage, kuɗin mota ma sai an yi ta zarya ofis-ofis. Zariya ta ga amfanin daɗewar mai horarwa a wuri guda: Oliver Johnson, Ba'amurken da ya yi shekaru masu yawa yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello, a hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasa, wanda yake shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Irin wannan amfanin gona ba a girbe shi a kaka ɗaya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin wasanni na jami'o'i, in za su naɗa mai horarwa, su zauna da shi su tsai da wa'adi da abin da ake so ya cim ma, a rubuce, su ba shi kayan aiki, sa'an nan su tsaya a kan alkawarinsu ko da 'yan kallo sun yi ca. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, musamman sakataren wasanni, da kada ta zama kakakin masu ihu. In akwai ƙorafi, a kai shi a rubuce inda ya dace, a kuma ji ta bakin 'yan wasa tukuna. 'Yan'uwanmu da suka gama karatu suka kama aikin gwamnati, wasunku gobe ku ne za ku zauna a kwamitocin da za su naɗa ko su sallami irin waɗannan mutane, to ku riƙe wannan tarihi.

Mu kuma da muke cika kujerun 'yan kallo, haƙƙinmu ne mu yi suka, babu mai hana mu. Amma zagi da jifa da ihun "ba ma yi" a wasa na uku ba su taɓa gyara ƙungiya ba, sai dai su karya zuciyar yaran da suke cikin fili, waɗanda abokan karatunmu ne, gobe da safe a aji ɗaya za mu zauna da su. Mu je kallo ranar da ake cinsu kamar yadda muke zuwa ranar da suke ci, mu bar hisabi sai ƙarshen kaka. Allah ya ba mu haƙuri da adalci, amin.