Wane Aiki Ne Zai Bar Mu Mu Yi Rubutu?

Mu 'yan ajin ƙarshe, tun da aka shiga wannan zango ba mu da wata hira sai ta abin da kowa zai zama in an ƙare jarrabawa. Wannan ya ce likita, wancan injiniya, wani kuma ya ce shi shinkafa zai riƙa saye a Kura yana kaiwa Kudu. Da aka zo kaina na ce littafi nake so in rubuta, sai aji ya fashe da dariya. Na je gida na maimaita, amma Baba bai yi dariya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, me za ka ci?"

Na daɗe ina jin haushin tambayar nan, amma yanzu na yarda Baba ya fi ni gaskiya. An yi zamanin da littafin Hausa ke kawo kuɗi, kamar lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, aka yi ta rububinsa a kasuwa. Yau kuwa yawancin labarai a waya ake karanta su, wannan ya tura wa wancan kyauta. Akwai gasa irin ta Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, amma abin da ake yi sau ɗaya a shekara, mutum kaɗan su ci, ba shi za a jira a ɗora tukunya ba. Saboda haka duk mai son rubutu a cikinmu dole ya nemi wani aiki. Maganata ita ce, in zai zaɓa, kada ya tsaya ga albashi kaɗai. Ya dubi abin da aikin zai rage masa na lokaci da na hankali bayan an tashi.

Mu dubi magabata. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifi littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausar boko, uku daga cikin waɗanda suka yi nasara malaman makaranta ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Yayansa Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne a Kwalejin Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. To, me ya biyo baya? Tafawa Ɓalewa ya shiga siyasa, har ya zama Firayim Minista a 1957, kuma bai sake ba mu wani littafi irin Shaihu Umar ba. Ba laifinsa nake gani ba, nauyin ƙasa ya ɗauka. Sai dai babban matsayi ya cinye marubucin.

Na Imam ya fi ba ni mamaki. A 1936 aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya, aka ba shi lokaci musamman, ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kowa zai ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, marubuci ya sami aikin rubutu. Ya kuwa ci gaba da wallafa littattafai masu amfani, amma manyan labaransa da muke karantawa a aji har yau duk kafin ya hau kujerar edita ya yi su. A ganina, wanda ya wuni yana zuba kalmomi don jarida ta fito a kan kari, da wuya ya koma gida da sauran kalmomin da zai ba Waziri Aku. Don haka abokaina masu cewa za su karanta aikin jarida domin ya fi kusa da rubutu, ina ba su shawara su sake tunani.

Yanzu bari in dawo gida, domin mu namu halin daban ne. Wani abokina ya ce mini, "Kai ma da neman wahala. Ka yi noma mana, ba ka da shugaba, lokacinka naka ne." Wannan magana da a zamanin kakanninmu aka yi ta, da ta yi daidai. A da, in an gama girbi an sa hatsi a rumbu, manomi ya sami watanni na kansa. A cikinsu ake karatu, ake saƙa da rini, ake tafiya ci-rani, yara kuma su sha tatsuniya a dandali. Amma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya gangaro ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin hutu a ƙasarmu. Alhamdu lillahi, arziki ne, da shi aka biya wa yawancinmu kuɗin makaranta. Sai dai ku lissafa shekarar manomi a nan. Da damina shinkafa: reno, dashe, cire ciyawa, korar tsuntsaye tun asuba. Kafin a gama sussuka an fara gyaran fili don tumatur ko alkama ko albasa. Ana kwashe waɗannan sai masara ko wata shinkafar. Ina ranin yake?

Tumatur kuwa shi ne sarkin cin lokaci. Ba ya jira. In ya nuna dole a tsinke shi, a zuba a kwando, a kai Kwanar Gafan, in kasuwa ta faɗi a sayar da asara ko a yanka a shanya. Waɗanda suka ga shekarar 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatur a yankin nan, sun san yadda manomi ke kwana ido biyu. Mutumin da ke lissafin bashin taki a zuciyarsa ba zai iya tsara baiti ba, ko da ya sami awa biyu yana zaune a gindin bishiya. Jikinsa ne a zaune, hankalinsa yana gona.

Kowa a nan ya san bambancin gonar da ke kusa da ƙofar ruwa da wadda ke can ƙarshen kanal. Ta farko ta sha ta ƙoshi, ta ƙarshe sai abin da ya rage, wani lokaci ma mai ita sai ya bi dare kafin ruwa ya iso shi. Yawancin ayyuka a ƙarshen kanal suke ajiye rubutu. Ina da ƙanen uwa da ke tuƙa motar kayan gwari zuwa Ikko. Yana da littafin rubutu cike da farkon labarai, ba ko ɗaya da ya kai tsakiya. Hira kuwa, ba wanda ya kai shi, don ya ga duniya. Hanya ta ba shi labari, amma ba ta bar masa inda zai zauna ya rubuta ba.

Ni dai na tsai da shawara a kan koyarwa, ba don ba ta da aibu ba. Albashin kaɗan ne, ajin cike yake, ga gyaran takardun jarrabawa, kuma na san malamai da yawa da ke tashi daga aji su zarce gona sai magariba. Amma aiki ne da aka san lokacin shigarsa da na tashinsa, yana da hutu sau uku a shekara, kuma kullum kana tare da yara masu kawo maka Hausar gidajensu, ta ƙauye da ta gari. 'Yan'uwanmu mata masu son aikin jinya su ma su tambaya tun yanzu yadda aikin dare yake, kafin su sa rai za su riƙa rubutu bayan isha'i.

Iyayenmu, ba cewa muke ku bar mu mu zauna da biro muna jiran a ciyar da mu ba. Roƙonmu shi ne, in yaro ya zaɓi aikin da kuɗinsa bai kai na wani ba, ku tambaye shi dalili kafin ku kira shi rago.

Na gaya wa Baba zan nemi kwalejin horar da malamai, kuma ɗan filin da ya ce zai yanka mini alkama zan shuka a ciki, domin ita ban-ruwanta ba na kullum ba ne, kuma in an girbe ta ba ta ruɓewa a buhu. Ya ce tumatur ya fi kuɗi. Na ce haka ne. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in bari a ga sakamakon jarrabawa tukuna, kuma in kawo masa labarin da nake rubutawa in karanta masa, ya ji ko ya kai a bar tumatur dominsa.