Mun bi Titin Zariya har ƙarshensa



Ku mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kullum sai kun tsallaka Titin Zariya, amma ku nawa ne kuka taɓa bin sa har Zariyar? Ɗan ƙanwata, ɗan aji biyar na sakandare, a bakin titin nan aka haife shi, bai taɓa wuce Kura ba. Kwanakin baya na ji shi yana ce wa kakarsa ai ginin ƙasa ginin talauci ne. Ban tanka ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ranar Asabar da sassafe na tasa shi gaba sai tashar Unguwa Uku.

Motarmu ta yi faci bayan Kwanar Ɗangora, muka share awa guda muna shan rake a gefen hanya, sai wajen azahar muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Kai tsaye muka nufi Masallacin Juma'a da ke gaban fadar Sarkin Zazzau.

Daga waje ba wani abin mamaki, siminti ne irin wanda kuka saba gani. Yaron ya dube ni. "Kawu, wannan muka zo gani?" Na ce ya cire takalmi kawai.

A lokacin, tsohon masallacin yana ciki, sabon ginin lulluɓe shi aka yi da shi don ya kare shi. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Manyan ginshiƙai ne na ƙasa masu zane, suna tashi suna lanƙwasa har su haɗu a sama. Wannan shi ake kira bakan gizo. Ba rodi, ba kankare. Azara ake jerawa, wato faskaren giginya wanda gara ba ta cika ci ba, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a shafe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su gamu a tsakiya. Wanda bai san nauyi da awo ba, rufin a kansa zai faɗo. Wannan kuwa a lokacin da muka je ya doshi shekara ɗari biyu yana tsaye. Ga sanyi kamar cikin randa, alhali a waje rana ta take.

Mai surutun nan shiru ya yi. Da muka idar da salla sai na hango shi yana auna tsakanin ginshiƙai da taku, yana rubutawa a bayan takardar da aka naɗo mana tsire.

Mun kwana gidan wani abokina a Tudun Wada. Lahadi da safe muka leƙa Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Da ya ji ana koyar da zanen gine-gine a nan, tambayarsa ɗaya ce: wane darasi ake buƙata? Na ce ya fara da shiryawa da lissafin da yake gudu.

Mai son irin wannan tafiya ya nemi izinin iyaye, ya tafi da babba, kuma a yi ta da rana.

La'asar ta yi mana a gida. Ko jakarsa bai ajiye ba ya shige ɗakin kakarsa, ya ɗaga kai yana ƙirga azara.