Hakkin Maƙwabci In Za A Yanka Fili A Yi Gini

 A wannan mako ina so mu duba wata magana da ta kan ɓata zaman maƙwabta, watau mutum ya yanka filinsa kashi biyu ko uku ya ce zai gina gidaje, na kusa da shi su ce ba su yarda ba. Hausawa dai sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. To, bari in ba ku labarin yadda mutanen Ingila su ke raba wannan gardama, gama akwai abin lura a ciki.

Tun da aka yi dokar tsarin garuruwa ta 1947, mallakar fili kaɗai ba ta ba mutum ikon gina sabon gida a Ingila, sai ya nemi izinin majalisar garinsu. In ya nema, sai a aika wa maƙwabta takarda, ko a manna sanarwa a wurin, a ba su kwana 21 su faɗi abin da ke ransu.

Amma fa ba kowane kuka a ke saurara ba. In ka ce tagar sabon benen za ta leƙa tsakar gidanka, ko ginin zai tare maka haske, ko motoci za su cushe hanya, ko ruwan sama zai rasa magudana, lalle za a auna maganarka. In kuwa ka ce kuɗin gidanka zai faɗi, ko ba ka shiri da mai filin, ba a sa wannan a ma'auni. Kuma yawan masu sa hannu a takarda ba shi ne hujja ba. In an hana mai fili, yana da ikon ɗaukaka ƙara gaban Sufeton Gwamnati. Maƙwabci ba shi da wannan iko, sai dai ya tafi Babban Kotu cikin mako 6, can ma iyakar abin da za a duba shi ne ko majalisa ta bi doka.

Ashe kukan talakawa ba ya tasiri ke nan? Yana yi. A 2000 Gwamnati ta lissafa lambun bayan gida cikin filayen da aka riga aka taɓa gini a kansu, ta kuma so a riƙa gina gida 30 ko fiye a hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi. Sai magina suka dinga sayen tsofaffin gidaje masu yalwar lambu, suna cusa gidaje da dama inda dā ɗaya ya ke. Mutane suka yi ta ƙara, har a watan Yuni 2010 Minista Greg Clark ya fid da lambuna daga wannan lissafi, ya kuma soke ƙa'idar gida 30 ɗin.

Malamai, wannan ma'auni ba baƙo ba ne gare ku. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya tara hukuncin alƙalan Malikiyya kan gine-gine cikin littafi guda. Su ma cuta su ke dubawa: tagar da ke tona asirin gidan maƙwabci sai a sa a toshe ta.

Ni a ganina adalci ke nan. Maƙwabci ya cancanci a sanar da shi tun kafin a haƙa tushe, a kuma ji ta bakinsa, amma bai kamata a miƙa masa mabuɗin filin wani ba. Ku tuna akwai mutum na uku wanda ba a aika masa takarda, shi ne magidancin da ke neman inda zai sa iyalinsa. In kowane maƙwabci ya ce a'a aka bi, ina wannan zai kwana?

Saboda haka wanda zai yi ƙara, ya ambaci cutar da sunanta, ya nuna inda ta ke. Mai fili kuwa ya fara sallama ƙofar maƙwabcinsa da zanen ginin a hannu, sau da yawa gusar da taga ɗaya ya kan kashe shari'ar shekara.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin. Haza wasalam.