Nyamko Sabuni: baƙar fata a saman jam'iyya, amma muryar wa ta ɗauka?

Duk lokacin da wani ɗan Afirka ya samu babban muƙami a Turai, ƴan ci-rani kan cika Facebook da murna. Tarihin siyasar Nyamko Sabuni a ƙasar Suwidin ya isa ya sa a riƙa jinkirta guɗar.

An haife ta a Burundi a 1969, inda mahaifinta ɗan Kwango yake gudun hijira, kuma ta isa Suwidin a 1981 tana shekara 12. Ta shiga majalisar dokoki a 2002 a ƙarƙashin jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, sannan a 2006 Firaminista Fredrik Reinfeldt ya naɗa ta ministar kula da shigar baƙi cikin al'umma da daidaiton jinsi. Ta bar gwamnati a 2013. A watan Yunin 2019 ta zama shugabar jam'iyyar. Babu mai raina wannan tafiya.

Sai dai tun kafin ta zama minista ta nemi a hana ƴan mata ƴan ƙasa da shekara 15 sa hijabi, a kuma riƙa duba ƴan makaranta don gano waɗanda aka yi wa kaciya. Yaƙi da kaciyar mata da auren dole abu ne da ya dace, kuma ta yi shi ba tsoro. Amma haɗa shi da ɗankwalin yarinya ya sa Musulmi da dama suka ɗauka su ake zargi baki ɗaya.

Babban kuskurenta ya zo a 2021, lokacin da ta ja jam'iyyarta zuwa ɓangaren Ulf Kristersson, ko da hakan na nufin dogaro da ƙuri'un Sweden Democrats, jam'iyyar da ta yi suna da adawa da shigowar baƙi. Ƙuri'un jin ra'ayi suka ci gaba da nuna jam'iyyar tata ƙasa da kashi 4 cikin 100 da ake buƙata don shiga majalisa. A Afrilun 2022 ta sauka, bayan suka kan furucinta cewa za ta wuce Norwe idan yaƙi ya iso Suwidin.

Johan Pehrson ya gaje ta, ya bi hanyar da ta share. A Oktoban 2022 jam'iyyar ta shiga gwamnatin Kristersson, wadda ta tsaurara dokokin neman mafaka, irin mafakar da ta karɓi iyalan Sabuni a 1981.